Mayschoss: ƙauyen da gonarsa ke kan tudu, dukiyarsa kuma a bakin kogi

Daga birnin Bon na Jamus, inda masu sauraron rediyo suka san gidan DW yake, idan ka nausa kudu a mota ba za ka cinye awa guda ba sai ka ga hanya ta fara gangarawa cikin wani kwari mai ƙunci. Tsauni a dama, tsauni a hagu, a ƙasa kuma wani ɗan kogi yana ta murɗe-murɗe. Sunansa Ahr. Tsawonsa duka kimanin kilomita 85 ne, daga garin Blankenheim inda yake ɓuɓɓugowa zuwa inda yake zubawa cikin kogin Rhine kusa da Sinzig. A yawancin ranakun zafi yaro ma yana tsallaka shi da ƙafa, ruwan bai wuce gwiwa ba.

A wata kwana da kogin ya yi ne ƙauyen Mayschoss yake, ana furta sunan kamar Maishos. Mutanensa ba su wuce 900 ba. Coci ɗaya, ƴar tashar jirgin ƙasa, layin gidaje a bakin ruwa, wasu kuma sun ɗan hau gangare. A saman wani dutse da kogin ya kusa zagayewa akwai kangon gidan sarauta na Saffenburg, wanda aka fara ambata a rubuce a 1081, aka rushe shi a 1704. Duk inda ka ɗaga kai sai inabi, layi bayan layi, har inda daji ya fara.

Abin da ake yi da wannan inabi giya ce, kuma yawancin masu karanta wannan rubutu ba masu shanta ba ne, ni ma haka. Abin da ya ja ni ga ƙauyen shi ne manoman. Ƙananan manoma ne masu ɗan fili, da suka daɗe suna fama da dillali, da yanayi, da kogi, kuma a daren 14 ga Yulin 2021 aka jarrabe su da ambaliyar da ta fito da duk yadda rayuwarsu take a fili. Zaman Mayschoss kamar tukunya ce a kan duwatsun murhu uku: tudun da ake noma, rumbun ƙungiya da ake tara amfani, da baƙon da yake zuwa ya saya. A daren nan ruwa ya ture biyu, ya bar ɗaya.

Mu fara da tudun, tunda shi ne ya tsira. Wannan yanki yana can arewa sosai, inda rana ba ta da ƙarfin da za ta nuna jan inabi a fili mai shimfiɗa. Dabarar da kakanninsu suka gano ita ce su hau gangaren da ke fuskantar kudu, inda hasken yake sauka kai tsaye. Ƙasar wurin wani baƙin dutse ne mai falle-falle, wanda yake shan zafi da rana ya riƙa sake shi da dare, ga kuma tsaunukan Eifel suna tare iska da yawan ruwan sama. Shi ya sa duk da ƙanƙantar yankin, wanda gonakinsa gaba ɗaya hekta 500 da ƴan kai ne, ya yi suna da jan inabi, musamman irin da Jamusawa ke kira Spätburgunder, Faransawa kuma Pinot Noir. Shi ne kusan kashi biyu cikin uku na abin da ake shukawa.

Amma gangaren da ya ba su rana shi ne kuma yake cin ƙarfinsu. A wurare da yawa tarakta ba ta shiga. An yanka tudun dakali-dakali, kowane dakali an tokare shi da katangar duwatsu da aka jera ba siminti, wani faɗinsa bai wuce layi biyu ko uku na shuka ba. Ka dubi mai tsinka a watan Oktoba. Ƙafa ɗaya a sama, ɗaya a ƙasa, tsakuwa tana zamewa ƙarƙashin takalmi, hannun hagu ya ɗaga ganye, na dama riƙe da ɗan almakashi. Kowane nono na inabi sai ya juya shi ya duba, ya cire ƴaƴan da suka ruɓe, sannan ya jefa a bokiti. Bokiti ya cika a juye a babban mazubin da wani ya goya a baya, shi kuma ya bi matakalar dutse ya sauka da shi. Inda aka samu hali an kafa wani siririn dogo guda ɗaya, da ɗan keke mai inji da ke hawa kansa yana jigilar kaya. Kuma tsinka ita ce ƙarshen aiki. Tun cikin sanyin Janairu da Fabrairu ake datse rassa, sai ɗaure su, sai rage ganye, sai feshin maganin fumfuna, wanda a gangaren da ya fi tsayi jirgi mai saukar ungulu ne yake yi. Aikin hekta ɗaya a nan ya ninka na gonar fili sau da yawa.

Wanda ya sha wannan wahala, a ce kuma wani ne zai yanka masa farashi, abin da ciwo. Haka abin yake a tsakiyar ƙarni na 19. Inabi idan ya nuna ba ya jira, kamar dai tumatir a hannun manomin rani: ko ka sayar yau, ko gobe ka zubar. Ƙaramin manomi ba shi da matsewa mai kyau, ba shi da gangunan ajiya, ba shi da hanyar kai kaya birni. Ƴan kasuwa sun san haka, sai su jira kaka su sayi amfani yadda suka ga dama. Shekarun rashin albarka suka biyo juna, bashi ya yi katutu, iyalai da dama daga kwarin suka tattara suka yi ƙaura zuwa Amurka.

A 1868 manoma 18 na Mayschoss suka haɗa kai suka kafa ƙungiyar gama-kai, domin su matse inabinsu tare, su adana tare, su sayar tare. Iskar da ke kaɗawa a yankin ke nan a lokacin, don a tsallaken Rhine, kusa da Neuwied, Friedrich Wilhelm Raiffeisen ya riga ya fara kafa wa talakawan karkara ƙungiyoyin lamuni. Ta Mayschoss ita ce ake ɗauka mafi tsufa cikin ƙungiyoyin manoman inabi a Jamus, kuma har yau tana nan. Ta haɗe da ta Altenahr a 1982, ta Walporzheim ta shigo a 2009, duka biyun garuruwa ne a cikin kwarin. Mambobinta sun haura 400, gonakinsu kuma kimanin hekta 150. Ka raba ka gani: kowane mutum bai kai rabin hekta ba. Da yawansu ma suna da wani aikin, wani a ofis a Bon, wani makaniki, wani ya yi ritaya, gonar kuwa gado ce da ake zuwa da yamma da ranar Asabar.

Yadda ake biya shi ne ya fi burge ni. Idan manomi ya kawo kaya ba nauyi kaɗai ake aunawa ba, ana auna zaƙin ruwan da ma'aunin da suke kira Oechsle, a duba lafiyar ƴaƴan. Wanda ya rage yawan nonuwa a jikin shuka don sauran su nuna da kyau, ba ya asara a kan wanda ya cika mota da ɗanye. Kuma a wurin taro, mai babbar gona da mai ƴar ƙarama kowa ƙuri'a ɗaya. Mutanen da suka shekara 150 suna zama a ɗaki ɗaya suna gardama kan farashi, sun san wa ke iya lissafi, wa ke da tarakta, wa ake jin maganarsa. Wannan sanin junan zai yi rana.

Sai dutse na uku, baƙo. Jirgin ƙasa ya iso wannan sashe na kwarin a 1886, tun daga nan mutanen Kolon da Bon da garuruwan masana'antu na Ruhr suka mayar da Ahr wurin hutun ƙarshen mako. A shekarun 1960 da 1970 abin ya zama na ƙungiyoyin abokai da ke cika bas su zo su sha mai zaƙi mai araha har su fita hayyacinsu. Har karin magana aka yi, cewa wanda ya je Ahr kuma ya tuna ya je, to bai je Ahr ba. Kuɗi sun shigo, amma sunan kwarin ya zube. Daga shekarun 1980 ne wasu matasan manoma suka juya akalar, suka koma rage yawa da ƙara inganci, baƙon da ke zuwa shi ma ya sauya. Yanzu akasari mai tafiyar ƙafa ne da jaka a baya. Akwai hanyar ƙafa da aka buɗe a 1972, Rotweinwanderweg, mai tsawon kusan kilomita 35, wadda ta ratsa tsakiyar gonaki daga Altenahr zuwa Bad Bodendorf, ta bi ta saman Mayschoss.

Dokar Jamus ta ba manomin inabi damar buɗe ɗan wurin cin abinci a gidansa na wasu watanni a shekara, ba su wuce huɗu ba, ya sayar da abin da ya noma da abinci mara nauyi. Alamar wurin ita ce damin ganye ko tsintsiya da ake ratayewa a ƙofa. A nan ne baƙo yake zama a benci ɗaya da mai gida, a kawo masa wainar albasa ko gasasshen dankalin da ake yi a tukunyar ƙarfe, wanda ba ya shan giya kuma a zuba masa ruwan inabi zalla da ba a tsimar ba. A ƙarshen makonnin Oktoba ƙauyen ba masaka tsinke. A Janairu kuwa kana iya ratsa shi daga farko zuwa ƙarshe ba ka haɗu da mutum biyar ba. Abin da aka samu a makonni goma na kaka shi ake ci har shekara ta zagayo.

To ina ake tara duk wannan dukiya? A ƙasa, a bakin ruwa. Rumbun ƙungiya da tankunansa da gangunansa na katako, masaukan baƙi, wuraren cin abinci, titin mota, layin dogo, duk a gindin kwarin suke, domin nan ne kaɗai fili yake a shimfiɗe.

A tsakiyar Yulin 2021 wani hadari da masana yanayi suka raɗa wa suna Bernd ya tsaya cak a kan yammacin Jamus. Ƙasa ta riga ta ƙoshi da ruwan makonnin baya, sai ga sama da milimita 100 sun sauka a wurare da yawa cikin yini guda. Duk ƙananan rafukan Eifel suka juye cikin Ahr lokaci ɗaya. A ma'aunin ruwa na Altenahr, garin da ke sama da Mayschoss kaɗan, mafi girman abin da aka taɓa aunawa shi ne mita 3.71, a 2016. Da yammacin 14 ga wata ruwan ya haura mita 5, sannan ya yi awon gaba da ma'aunin kansa. Daga baya masana suka kiyasta ya kai tsakanin mita 9 da 10.

Ba ruwa kaɗai ne ya zo ba. Ya ɗebo itatuwa, motoci, tirelolin ƴan yawon shaƙatawa, tankunan man ɗumama ɗaki. Wannan tarkace yana isa gada sai ya toshe ta, ruwa ya taru a baya kamar madatsa, gadar ta karye, ya sake tahowa da ƙarfin da ya fi na farko. Gadoji fiye da 60 suka tafi a kwarin. Mutane suka hau bene, daga bene suka fasa rufi suka hau kai, suka kwana a can cikin duhu suna jin gidajen maƙwabta suna rugujewa. Hukumar gundumar Ahrweiler, wadda ƙauyukan nan ke ƙarƙashinta, ba ta ayyana dokar ta-ɓaci mafi girma ba sai bayan ƙarfe 11 na dare, lokacin da ƙauyukan sama sun riga sun nutse. Mutum fiye da 130 suka rasu a kwarin Ahr kaɗai. A Sinzig, can ƙarshen kogin, inda aka fi kowa samun lokacin gudu, mutum 12 suka mutu a gidan kula da masu buƙata ta musamman. Wannan ita ce ta fi tsaya mini a rai, domin awanni ne tsakanin isar ruwan Altenahr da isarsa Sinzig.

Gari ya waye Mayschoss a yanke. Babban titin da ke bin kogin ya karye ta gaba ya karye ta baya, dogo ya lanƙwashe, babu wuta, babu ruwan famfo, babu layin waya. Sai ta sama ake iya isa gare su. A nan ne sanin junan nan ya yi aiki. Ba su zauna jiran gwamnati ba, suka kafa nasu kwamitin gaggawa, aka raba aiki. Cocin ƙauyen, da yake yana kan tudu, ya zama ma'ajiyar abinci da sutura da magani, ana jera kaya a kan bencinan ibada. Masu tarakta suka shiga ture laka. Wata hanyar daji da ke haurawa ta bayan ƙauyen aka faɗaɗa ta aka zuba mata kwalta cikin ƴan kwanaki, ta zama ƙofar shiga da fita. Ta nan ƴan sa-kai suka riƙa kwararowa daga ko'ina a ƙasar, da shebur da bokiti da takalman roba, gayya irin wadda Jamus ta daɗe ba ta gani ba.

Rumbun ƙungiya kuwa ya cika da laka. Tankuna sun kife, ganguna sun bi ruwa, an tsinci wasu a nesa da inda aka ajiye su. Jan giya ba a sayar da ita a shekarar da aka matse ta, sai ta kwanta shekara ɗaya ko biyu, don haka abin da ruwan ya ci guminsu ne na shekarun baya, wanda ba a riga an karɓi kuɗinsa ba. Kusan babu gidan sarrafa inabi a kwarin da bala'in bai taɓa ba. Amma ka ɗaga kai: ban da ƴan gonakin da ke bakin ruwa, inabin 2021 yana nan rataye a tudu, kore shar, ko ganye bai karce ba. Saura makonni goma a tsinke shi. Babu matsewa, babu tanki, babu injin feshi, masu gonar kuma suna kwashe laka daga ɗakunan kwanansu.

Manoman inabi na wasu yankuna, daga Mosel da Pfalz da sauransu, su ne suka fara fahimtar abin da wannan ke nufi. Suka zo da taraktocinsu da ma'aikatansu, suka hau gonakin mutanen da ba su taɓa sani ba suka rage ganye, suka yi feshi, suka ba da aron injuna da tankuna. Da kaka ta zo an tsinke, an matse. Ƙungiyar ta karɓi amfanin mambobinta a wannan shekarar ma.

Sai kuma kwalaben da aka tono daga laka. Takardar jikinsu ta ɓace, ba a san iri ba, ba a san shekara ba, bisa ƙa'ida ba za su shiga kanti ba. Wasu ƴan kwarin suka ce to a bar su da lakarsu. Aka sa musu suna Flutwein, wato giyar ambaliya, aka sa wa kowace lamba, aka miƙa wa duk wanda ya ba da gudummawa ta intanet. Kwalba ce baƙa da busasshiyar laka ruwan toka ta manne mata har wuya, idan ka taɓa sai ƙura ta biyo yatsa. An tara sama da Yuro miliyan 4 ta wannan hanya. Da yawa daga waɗanda suka karɓa ba su buɗe ba, sun ajiye ta a kan kanta.

Maganar baƙo ta fi wuya. A makonnin farko masu zuwa kallo da ɗaukar hoto sun zama matsala, suna tare hanyar motocin agaji, har ƴan sanda suka riƙa roƙon mutane su zauna a gida. Bayan wata uku kuma sai matsalar ta juye: mutanen kirki suna jin kunyar zuwa shaƙatawa inda aka yi makoki, ƙauyen kuma ba zai rayu ba sai da su. A kakar 2021 Mayschoss da maƙwabtanta Rech da Dernau suka fito da shirin tafiyar ƙafa domin sake gini. Tunda wuraren cin abinci na ƙasa sun rushe, sai aka hau da su sama, aka kafa rumfuna a kan hanyar ƙafar da ke cikin gonaki. Baƙo ya zo ya yi tafiyarsa, ya ci, ya saya, ya kalli ɓarnar daga nesa ba tare da ya leƙa tagar kowa ba. A ganina babu dabarar da ta fi wannan mutunta ɓangarorin biyu.

Gwamnatin tarayya da jihohi sun ware Yuro biliyan 30 don sake gina duk yankunan da ambaliyar ta shafa, ana biyan wanda ba shi da inshora har kashi 80 cikin 100 na asararsa. Kuɗi a takarda daban, kuɗi a hannu daban. Cike-ciken takardu, jiran masu kiyasta ɓarna, ƙarancin magina, duk sun ja abin ya yi ta tafiyar hawainiya. Jirgin ƙasa ya shafe sama da shekara huɗu bai tsaya a Mayschoss ba, sai bas. Tsohuwar gadar dutse ta Rech, wadda ta haura shekara 250, an ƙarasa rushe abin da ya rage nata a 2023 bayan doguwar muhawara, saboda tsoron kada ta sake tare tarkace. Ta fuskar alhaki, ministoci biyu sun sauka a 2022, Anne Spiegel da Roger Lewentz. Binciken da aka buɗe kan shugaban gundumar na lokacin, Jürgen Pföhler, masu gabatar da ƙara na Koblenz sun rufe shi a Afrilun 2024 ba tare da kai shi kotu ba, abin da ya ƙona ran iyalan mamatan ƙwarai. Tun 2023 kuma Jamus ta fara aika gargaɗin bala'i kai tsaye zuwa kowace wayar hannu da ke yankin da abin ya shafa.

Akwai abin da har yanzu yake damuna. Wannan ba shi ne karo na farko ba. Ahr ya yi irin wannan ta'asa a Yulin 1804, ya sake a Yunin 1910, duka biyun da asarar rayuka masu yawa, kuma suna nan a rubuce a littattafan tarihin garuruwan. Amma lissafin haɗarin da hukuma ke aiki da shi ya dogara ne da awon shekarun baya-bayan nan, waɗancan biyun ba su shiga ba. Bayan 2021 da aka sake zana taswirar, gidaje 34 kacal aka hana sake ginawa a duk kwarin. Sauran sun koma inda suke. Ba na iya zargin mutumin Mayschoss a kan haka. Tudun gona ne, kuma ya yi tsayin da ba a gini a kai, ƙasan kuma nan ne kakansa ya haife ubansa. Wasu sun ɗaga harsashi, sun mayar da na'urar ɗumama gida da akwatin wuta zuwa bene, sun bar ƙasa ya zama gareji. Ana kuma maganar gina madatsun tare ruwa a saman kwarin, aikin da zai ci shekaru masu yawa. Kafin nan rumbu yana bakin kogi, masauki yana bakin kogi.

Wanda zai je, ya je tsakanin tsakiyar Satumba da ƙarshen Oktoba, a ranar aiki idan da hali, da takalmi mai riƙe ƙasa. Daga ƙauyen zuwa saman Saffenburg hawan kusan rabin awa ne. Daga can ana ganin komai a tafin hannu: ganyen inabi ya koma ja da rawaya, masu tsinka kamar tururuwa a jikin gangare, sabon rufi kusa da tsohon rufi, da gurabe tsakanin gidaje kamar bakin da aka cire wa haƙora. Idan ka sauko ka bi ƙauyukan kwarin, ka riƙa duba bangon gidaje. A wasu an ja layi an rubuta kwanan watan. Ba a daidai ido yake ba, sai ka ja da baya ka ɗaga kai, can sama da tagar bene na farko. Kogin kuma yana gefenka, ana ganin tsakuwar da ke ƙasansa.